Lamorde, bayan ruwan daren jiya

Yau da hantsi na tsallaka gadar Kennedy zuwa unguwar Lamorde, a Yamai, da buhunan yashi a bayan mota, na tarar da samari cikin taɓo har gwiwa suna haƙa wa ruwa hanya. A wani lungu wata dattijuwa na tonon ginin ƙasar da ya rufta da hannunta, babu ko shebur. Na ce, "Inna, ki huta, mu za mu fitar miki da kayan." Ta ce, "Ɗana, ba kaya nake nema ba, gwangwani ne. Takardun haihuwar jikokina na ciki, in babu su ba za su zauna jarrabawa ba." Muka durƙusa tare da ita. Da gwangwanin ya fito, takardun sun jiƙe sun manne da juna, ta riƙa ɓamɓare su a hankali tana shanyawa kan kwanon rufin da iska ta yar, tana danne kowace da tsakuwa. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Unguwar nan ta sha ruwa a 2020 da kogi ya fasa madatsa, a 2024 kuma har ɗage komawa makaranta aka yi saboda azuzuwa cike suke da waɗanda ambaliya ta kora. Yanzu ma lakwal ɗin unguwa za su kwana. Shinkafa da tabarmi na zuwa, Allah Ya saka wa masu kawowa. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai, ran da yara suka koma aji, ina Inna da jikokinta za su nufa?