Kafin a kafa lilo, a duba inda ruwa ke kwanciya

Ƙananan wuraren shaƙatawa na cikin unguwa galibi ragowar fili ne da aka bari lokacin yanka filaye, wani ma tsohuwar bola ce aka cike. Wannan tarihi yana nan a ƙarƙashin ƙasa: ɓaraguzan gini, kwalabe, da ƙasar da ta daskare saboda takawa. Shi ya sa gyaran da aka fara da fenti ba ya daɗewa.

A fara da haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa. In ya kwana bai tsotse ba, sai an yi magudana ko an sassauta ƙasar kafin komai. Hanyar tafiya kuma a ɗan karkatar da ita, santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya gangare gefe.

Ƙarƙashin lilo a zuba yashi mai kaurin santimita 30, gaba da baya har ninki biyu na tsayin sandar sama, domin can yaro ke faɗuwa.

Tsofaffin bishiyoyi ne suka fi ba ni tausayi. Ana yanke saiwarsu wajen haƙa, ko a tula ƙasa a gindinsu, sai bayan shekara biyu ko uku su bushe.