Daren da Na Shagala da Fata, Na Manta da Ciki

Ina shekara ta biyu da fara aikin jinya a sashen masu ƙuna aka kawo wani magidanci, wuta ta ci kusan kashi 40 cikin 100 na jikinsa. Kwana takwas muna ta ƙarin ruwa da wankin ciwo da sauya bandeji. Hankalina kacokan yana kan fata.

A dare na tara na zuƙo robar da muke ba shi abinci ta hanci, sai ga abincin la'asar ya dawo yadda yake, ya yi kore-kore. Cikinsa ya ɗaga, ya yi tauri kamar ganga. Na ce, "Baba, cikin na ciwo?" Ya girgiza kai. To ina zai ji, ga allurar kashe zafi tana aiki? Na ce ai ita ce ta ɗaure masa ciki, na rubuta a fayil, na wuce gado na gaba.

Kafin asuba fitsarinsa ya kusa ɗaukewa, jininsa ya yi ƙasa. Hoton da aka ɗauka ya nuna iska ta taru a saman ciki, inda ba muhallinta ba. A ɗakin tiyata aka tarar da huji a farkon ƙaramin hanji, dab da tumbi.

Likitan da ya yi aikin bai yi mini faɗa ba, zama ya yi ya warware mini. Idan ƙuna ta yi tsanani, ruwa kan tsiyaye daga jijiyoyi, sai jiki ya janye jini daga hanji ya tura wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Bangon hanjin da ya rasa jini sai ya yi gyambo, gyambon ya ɓule, ƙazanta ta malale cikin ciki. Ashe tun 1842 wani likitan Ingila, Thomas Curling, ya bayyana wannan gyambo. Dalilin ke nan da ake gaggauta fara abinci ta roba, a haɗa da maganin rage tsamin tumbi irin su omeprazole.

Abin da ya ruɗe ni shi ne, zazzaɓi da saurin bugun zuciya dama abokan mai ƙuna ne, ba sa tayar da hankali. Yanzu duk lokacin da na karɓi aiki, sai na ɗora hannu a ciki, na saurari motsin hanji, na auna faɗin cikin da tef. Abinci ya ƙi wucewa, ko ƙarfe biyun dare ne, sai na taso likita.

Baban ya yi wata biyu kafin a sallame shi.