Daga farantin ɓera zuwa bakin majinyaci

Ranar da na fara aiki a ɗakin gwaji na sashen fisiyoloji, wato ilimin yadda jiki ke aiki, abu biyu aka miƙo mini: agogon ƙidayar daƙiƙa da farin ɓera. Maigidana ya ce, "Ɗora shi a kan farantin nan ka danna agogo. Da ya lashi ƙafarsa ta baya, ka tsayar." Zafin farantin digiri 55 ne. Daƙiƙoƙin da ɓera ya jure su muke rubutawa da sunan raɗaɗi. Da wannan na yi digiri na biyu, da shi na yi na uku, ina gwada jiƙon sassaƙe da saiwoyin da masu maganin gargajiya ke bayarwa.

Akwai ranar da na yi ta murna, ɓeraye sun zauna abinsu a kan faranti ko gezau. Na ce yau na gano magani. Ashe wuta aka ɗauke tun ɗazu, faranti ya huce. Har yau abokan aiki ba su bar tsokanata da wannan ba.

Koyarwa ta fi mini daɗi. Nakan tambayi ɗalibai, don me in mutum ya yi tuntuɓe yake saurin murza wurin? Amsar tana cikin bayanin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka fitar a 1965: saƙon shafa yana bin manyan jijiyoyi masu sauri, ya je laka ya tura ƙofa, sai saƙon zugi, wanda ke tafe a ƙananan jijiyoyi da gudun da bai wuce mita 2 a daƙiƙa ba, ya tarar hanya ta ƙuntata. In na zo kan attaruhu kuwa aji kan farka. Wata mashiga a jikin jijiya da ke jin yajinsa, mai suna TRPV1, ita ce ke jin zafin da ya haura digiri 43. Ɗakin gwajin David Julius ne ya gano ta a 1997, ya kuma samu kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Wadda ta sauya mini hanya wata ɗaliba ce mai sikila. Ta shigo ofis neman a ɗaga mata gwaji, ta gaishe ni a natse, ta zauna. Na ce, daga sifili zuwa goma, ciwon nan nawa ne? Ta ce, "Tara, Malam." Fuskarta ko yamutsewa babu. Wallahi sai na ji zuciyata tana shakka. Bayan ta fita na gane abin da nake jira: jira nake ta lashi ƙafa. Yarinyar da aka raina da cewa raki abin kunya ne, ina za ta yi mini kuka a ofis?

Tun daga nan na rage zama da ɓeraye, na koma asibiti ina sauraron masu sikila. Ƙarin girma ya yi jinkiri, don izinin kwamitin ɗa'a, mai amincewa da bincike a kan mutane, kaɗai kan ci watanni, kuma takardar bincike ba ta fita da sauri irin ta ɓera. Amma littafina ya cika da kalmomin da agogo bai taɓa ba ni ba: zugi, suka, sara, ƙuna, murɗa, tsuka. Makon jiya wata uwa ta ce ɗanta yana jin kamar ana daka ƙashinsa a turmi. Na rubuta yadda ta faɗa, ban sa masa lamba ba.