Tsofaffin Ƙananan Taraktocin Lambu a Hannun Makanikan Kumasi

A Kumasi, wanda ya ɗauki gyaran tsofaffin ƙananan taraktocin lambu a matsayin abin sha'awa ba ya rabuwa da Suame Magazine, wato babbar unguwar makanikai ta birnin, domin a can ne ake samun masu walda da masu tadar da injin da ya daɗe a kwance. Waɗannan taraktoci yawancinsu ƙirar Amurka ne, kuma kaɗan ne ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema cikin kayan da aka riga aka yi amfani da su.

Ɗaya daga cikin waɗanda masu tara tsofaffin taraktoci suke nema ita ce John Deere 110, wadda ta fara fitowa a 1963 da injin Kohler mai silinda ɗaya. A ganina wannan injin ne sirrin daɗewarta, saboda jikinsa zubin ƙarfe ne, kuma idan aka wanke kafireta, aka sauya fulogi da tsohon man da ya daskare a tanki, sau da yawa yakan tashi ba tare da an buɗe cikinsa ba. Tarakta ƙirar Wheel Horse mai jan fenti ma tana da masoyanta.

Wajen ciniki, fenti ba abin dogaro ba ne. Mai saye yakan fara duba farantin lambar da ke jikin tarakta, domin shi ke nuna shekarar ƙira, kuma wadda aka cire mata shi farashinta yakan faɗi ƙwarai, ko da injinta na aiki lafiya.