Abin da fostocin Poland suka koya mini

Lokacin da nake koyon zanen talla, malaminmu ya ɗora mana hoton wata fosta daga ƙasar Poland a kan tebur, ya ce mu dube ta na minti goma kada wanda ya ce uffan. Aikin Tadeusz Trepkowski ne na 1952: inuwar bam yana faɗowa, a cikin cikinsa kangon ginin da yaƙi ya rusa, sai kalma ɗaya tak wadda ma'anarta ita ce "A'a". Ni da na saba cika takarda da fuskoki da rubutu har babu masaka tsinke, kunya ce ta kama ni.

Da na bi tarihin, sai na ga cewa wannan ƙarancin ado yana da dalili. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin kwaminisanci ce ke riƙe da gidajen sinima da na wasan kwaikwayo da maɗaba'u, saboda haka babu ɗan kasuwar da zai tsaya a kan mai zane ya ce lallai sai an sa fuskar tauraro don a sayar da tikiti. Mai zane yakan ɗauki ma'anar labari ya dunƙule ta cikin siffa guda. Henryk Tomaszewski, wanda ya koyar a makarantar fasahar zane ta Warsaw daga 1952 zuwa 1985, shi ya raini da dama daga cikin waɗanda suka yi fice. Fostar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Jan Lenica ta 1964 don wasan waƙa na Wozzeck, jan kai mai layuka kamar igiyar ruwa, baki a wangame yana ihu. Ita ta ci lambar zinariya a gasar fostoci ta duniya da aka fara a Warsaw a 1966, kuma a 1968 aka buɗe gidan adana fostoci a unguwar Wilanów ta birnin Warsaw.

Darasin tara fostocin kuwa da kuɗina na saye shi. An buga su ne a kan takarda sirara mai araha, domin a manna a shingen gine-gine ruwa ya cinye, shi ya sa waɗanda suka tsira ke da daraja. Na taɓa sayen wata ta intanet a matsayin bugun farko, da ta iso sai na tarar takardar mai kauri ce tana sheƙi, sabon bugu ne kawai. Tun daga nan nake fara duba ƙananan rubutun maɗaba'a da ke gefen ƙasa, kuma alamar ninkewa a jikin takarda ba ta ƙara tsorata ni ba. Ko shekarar da mai zane ya rubuta ma tana iya ruɗar baƙo, domin Franciszek Starowieyski yakan mayar da kwanan watan aikinsa baya da shekara 300.

Bayan 1989 kamfanonin fina-finan Amurka suka shigo da nasu fostocin, aikin ya ja baya, abin da ya rage kuma ya koma hannun masu tarawa da gidajen gwanjo.