Yadda na ja wa injin buga lamba layin wutarsa a Sharaɗa

Wata masana'anta a Sharaɗa, Kano, ta sayo injin leza mai zana lambar kaya da ranar ƙarewar wa'adi a jikin murafe, irin bayanin da NAFDAC ke buƙata. Aka kira ni in ba shi wuta. Manajan ya nuna min soket ɗin da ke kusa ya ce, "Malam, ai wat 30 ne kawai, a jona nan mana."

Wat 30 ɗin ƙarfin hasken leza ne. Farantin da ke bayan akwatin sarrafawa ya nuna wat 800, domin akwai kwamfuta da fanka da madubai masu juya hasken. Na'urar zuƙe hayaƙi kuma 400. Jimilla 1,200, a raba da bolt 230, amfiya 5.2 ke nan. Tunda injin wuni yake yana aiki, na ƙara kashi 25 cikin ɗari, ya zama 6.5. Sai na ɗauki bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, mai amfiya 10.

Irin birekar ita ce wurin da na fi zama a kai. A ƙiftawar da aka kunna akwatin, yana fizgar wuta ninkin-ba-ninkin kafin ya daidaita. Bireka nau'in B tana faɗuwa nan take idan wuta ta kai ninki 3 zuwa 5 na lambarta, nau'in C kuwa sai 5 zuwa 10. C na sa. Da yawa idan bireka ta dame su da faɗuwa sai su ɗora mai amfiya 32 a kan siririyar waya, kuma wannan yana tayar min da hankali ƙwarai, domin aikin bireka kare waya ne daga ƙonewa.

Daga allon rabon wuta zuwa injin mita 40 ne. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 za ta zubar da kusan bolt 7.5 a hanya, mai 2.5 kuwa 4.7. Duka biyun ba su kai iyakar zubar wuta da aka yarda da ita, kashi 5 cikin ɗari na bolt 230, ba, amma wutarmu kan iso da rauni tun daga waje, shi ya sa na zaɓi 2.5.

Soket ɗin manaja layi ɗaya yake da kwamfireso, injin matsa iska. Duk tashin da zai yi wuta za ta nutsa, kwamfutar ta ɗauke, murafe su wuce babu lamba. Na ja wa injin layinsa shi kaɗai, na haɗa wayar ƙasa na auna ta, sannan na sa masa UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, saboda lokacin komawa janareto.