Awakin Galapagos da baƙuwar ƙiryar Tafkin Chadi

A Marwa ta Kamaru na yi karatun kula da muhalli, kuma yawancinmu 'yan aji ba mu taɓa ganin teku da idonmu ba. Amma da aka zo darasin baƙin halittu, wato dabba ko tsiron da mutum ya ɗauko daga wata ƙasa ya kai inda ba a san shi ba har ya gagari 'yan gida, kusan duk misalan daga tsibiran teku aka kawo mana su. Da dalili. Tsibirai ba su fi kashi 5 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma wajen kashi 75 cikin 100 na tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa da masu jan ciki da aka tabbatar sun ƙare tun daga shekarar 1500, a tsibirai suka ƙare. Tsuntsun da kakanninsa ba su taɓa sanin kyanwa ko ɓera ba, a ƙasa yake zuba ƙwai, wani ma ya daina tashi gaba ɗaya. Mai cinsa ya zo, yana tsaye yana kallo.

Labarin Guam, wani tsibiri a Tekun Pasifik, aka fara ba mu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani maciji mai ruwan ƙasa, mai hawan itace da dare, ya shiga tsibirin a cikin kayan soja. Kafin a farga ya cinye iri 10 daga cikin iri 12 na tsuntsayen dajin wurin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo bayan tsuntsayen. Gizo-gizo ya cika daji, don masu cinsa sun tafi. Itatuwan da tsuntsaye ke cin 'ya'yansu su yada ƙwayar a nesa, yanzu 'ya'yan a gindin uwa suke zuba su ruɓe, sabbin itatuwa suka ragu ƙwarai. Macijin har wutar lantarki yake ɗaukewa, saboda hawan turaku. Daga baya aka gano farasitamol, wannan dai da muke sha don ciwon kai, yana kashe shi, sai aka riƙa cusa ƙwayar a cikin matattun ɓeraye ana sakowa daga jirgi mai saukar ungulu su maƙale a rassa. Har yau macijin yana nan.

Ɓarnar ba ta tsayawa ko a gaɓar ruwa. Wani bincike da aka buga a 2018 kan tsibiran Chagos na Tekun Indiya ya gwada tsibiran da ɓera ya shiga da waɗanda bai shiga ba. Inda babu ɓera, tsuntsayen teku sun ninka sama da sau 700, kashinsu yana gangarawa ruwa ya zama taki, kifin da ke kewaye ya fi nauyi da kusan rabi. Ni ɗan gidan masunta ne, wannan ya shige ni: ɓera yana tudu, amma a komar mai su ake ganin aikinsa.

Ranar da aka zo kan awaki aji ya kaure. A 1959 masunta suka saki awaki uku a tsibirin Pinta na Galapagos, a Tekun Pasifik, don su riƙa samun nama in sun yada zango. Cikin shekaru goma sha ’yan kai suka kai wajen 40,000, suka ƙwaƙule ganyen da manyan kunkurun wurin ke ci. Tsakanin 1997 da 2006 aka yi gagarumin aikin kawar da su a Pinta da Santiago da arewacin Isabela, aka harbe awaki fiye da 140,000, da yawa daga sama. Da suka yi ƙaranci suka koyi ɓuya, sai aka koma dabara: a kama akuya, a hana ta haihuwa, a ɗaura mata na'ura a wuya a sake ta. Akuya ba ta zama ita kaɗai, dole ta nemo 'yan'uwanta. Maharba su bi na'urar su harbe garken su bar ta, ta sake tafiya neman wasu.

Wani ɗan ajinmu, Bafulatani, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, naman fa?" Malam ya ce a nan aka bar shi ya ruɓe. Sai salati ya tashi. Mutanen da suka san kuɗin ɗan akuya ranar suna ba za su ji wannan su yi shiru ba, kuma ni ma har yanzu in na tuna sai na ji wani iri. Malam ya bari muka gama, sannan ya ce wurin duwatsun aman wuta ne, kwaso nama ya fi harbin tsada. Ya ƙara da cewa ranar da aka buɗe kasuwar naman, ranar aikin ya mutu, don wanda ke ci daga abu ba zai so a ga bayansa ba. Wannan magana ta biyu ce na riƙa cin karo da ita bayan na fara aiki.

An kuma nuna mana inda garin neman gira aka rasa ido. Tsibirin Marion na Afirka ta Kudu ɓeraye suka dami ma'aikatan tashar yanayi, sai a 1949 aka kai kyanwa biyar. Zuwa 1975 sun haura 2,000, kuma sun ga tsuntsu ya fi ɓera sauƙin kamu, suna cin wajen 450,000 a shekara. Sai da aka haɗa da sakin cutar kyanwa da harbi da tarko da guba kafin a gama da su a 1991. Ɓerayen da aka kawo su dominsu kuwa suna nan, sun ma koyi cin 'ya'yan albatiros da ransu a cikin sheƙa, tsuntsun da faɗin fuka-fukan babbansa ya kai mita 3. A tsibirin Macquarie na Ostireliya an kashe kyanwa ta ƙarshe a 2000, zomaye suka samu sarari suka haura 100,000, suka aske tuddai har ƙasa ta riƙa zaftarewa. Dole aka dawo aka haɗa zomo da ɓera aka kawar a lokaci guda, aikin da ya ci wajen dalar Ostireliya miliyan 25 kafin a sanar da nasara a 2014. A Gough kuma, a Tekun Atlantika, an watsa gubar ɓera a duk tsibirin a 2021, watan Disamba na shekarar kyamara ta ɗauko ɓera guda yana yawo. Kashe 99 cikin 100 a wannan aiki daidai yake da ba a yi komai ba.

Duk da haka ana cin nasara sosai. Wani ƙidaya na ayyuka sama da 1,500 a tsibirai kusan 1,000 ya nuna kashi 88 cikin 100 sun yi. Da wannan ƙwarin gwiwa na fito makaranta, na samu aiki da wata ƙungiya a yankin Baga Sola, a gaɓar Tafkin Chadi ta gefen ƙasar Chadi.

Mu ma muna da tsibirai, ɗaruruwa, tuddan yashi ne da ruwa ya kewaye. Muna kuma da baƙonmu. Itacen prosopis ɗan'uwan ƙiryarmu ne, amma asalinsa ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Da kyakkyawar niyya aka kawo shi. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye bayan farin 1973, rairayi yana tafiya, ana neman itacen da zai jure. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 1977 aka dasa shi a gefen Nijar, a filin da bai wuce hekta 10 ba. Farkon shekarun 2000 ya rufe sama da hekta 300,000 na busasshen gindin tafki ta arewa. Ana cewa baƙo raɓa ɗan gari kaba, wannan baƙon shi ya zama kabar.

Dabbobi ne suka raba shi. 'Ya'yansa zaƙi gare su, shanu da awaki da raƙuma suna so, ƙwayar kuma ba ta narkewa a ciki, tana fita cikin kashi da takinta a shirye. Inda ya yi duhu ciyawa ba ta fitowa a ƙarƙashi, ƙayarsa tana huda takalmi da tayar mota, hanyar mashaya ta toshe. Dabbar da ta dogara da 'ya'yan kaɗai haƙoranta suna lalacewa. A Kenya, a 2006, mutanen Baringo har akuya mai wawulo suka ja zuwa kotu a Nairobi don alƙali ya gani da idonsa. Da ruwa ya dawo wasu sassan arewa, itatuwan da suka daɗe a nutse suka mutu a tsaye, suka bar kututture mai yaga kalli da fasa jirgi.

Abin da na gane a hankali shi ne, a duk labaran nasarar da aka koya mana, teku ne ya yi rabin aikin. Shi ne shingen da ke hana wanda aka kora dawowa, kuma yawancin tsibiran babu kowa a kansu sai masu bincike. Namu tsibiran shingensu tafiya yake yi. Bana tsibiri, baɗi a taka da ƙafa. Ko ruwan na nan, shanun Kuri na Buduma iyo suke daga wannan tudu zuwa wancan da ƙwayar a cikinsu. Wadda ta riga ta shiga ƙasa kuma tana shekaru tana jiran damina. Ga rashin tsaro da ya hana shiga tsibirai da yawa tun wajen 2015. Wanda ya zo nan da maganar kawarwa kakaf, takarda kawai zai cika.

Sannan mutane suna ci daga itacen. Wani dattijo mai yin banda, Bahaushe da ya daɗe a tafki, ya saurari bayaninmu har ƙarshe, ya ce, "Yaro, ka gama? To da me kake so in gasa kifin nan?" Na ce, "Baba, ai ba cewa muka yi a bar ku babu itace ba." Ya ce, "Kafin itacen nan ya zo, kashin shanu muke tsinta. Ƙayarsa ta sha huda ni, kallina ta sha yagewa, ban ce maka ina sonsa ba. Amma ka fara kawo abin da zan sa a murhu." Makiyayi a wannan tunga zai ce maka a ƙone shi duka, wata uku bayan haka, da rani ya tsananta, shi ne a gindinsa yana kaɗo wa awaki 'ya'ya. Maganar Malam ta tabbata, sai dai a nan kasuwar ta riga mu zuwa, kuma ban ga wanda ke da hurumin rushe ta ba. Akwai ma wani ƙulli: tun ƙarshen 2008 gwamnatin Chadi ta hana saran ɗanyen itace da yin gawayi don kare dazuka, to duk wanda ka ce ya sassabe, tambayarsa ta farko ita ce ko ba za a kama shi ba.

Ban yarda da masu ɗaukar kowane baƙo abokin gaba ba. Dogon yaron da ke yi wa titunan Marwa inuwa daga Indiya ya zo, masara da rogo da gyaɗa duk daga Amurka. Rahoton masana na duniya na 2023 ya ƙirga baƙin halittu fiye da 37,000 da suka zauna a wuraren da ba nasu ba, wajen 3,500 ne aka tabbatar suna ɓarna. Giwan ruwa kuma, da yake ɗan gida a Shari da Logon da tafkinmu ba ya hana kowa sakat, shi aka zuba a Tafkin Victoria a shekarun 1950 ya shafe ƙananan kifaye wajen iri 200 da babu su ko'ina sai can. Tafki ma tsibiri ne ga kifi, tudu ne ya kewaye shi.

Aikin da muke yi yanzu ba shi da armashin jirgi mai saukar ungulu. Inda itacen ya riga ya yi duhu, ragewa ake yi: a bar manya tazara-tazara, a sassake su su miƙe, a buɗe hanyar mashaya da ta jirgi. Inda za a yi gona sai an tono kututturen daga ƙarƙashin ƙasa, don in a sama aka sare, reshe biyar zai fito a madadin ɗaya, kuma gonar sai an ci gaba da nomanta, in an bari shekara biyu ta koma. 'Ya'yan kuma muna roƙon a tara a niƙa kafin a ba dabbobi, a gauraya da dusa ko harawa. Niƙan yana fasa ƙwayar, dabba ta ƙoshi ba ta shuka komai ba. Wahalar ita ce zaƙin yana liƙe wa injin in ba a shanya sosai ba, masu inji ba sa son karɓa.

Wurin da darasin Galapagos ya yi mini amfani kai tsaye shi ne tuddan da itacen bai kai ba tukuna, ko ya kai ƙwara-ƙwara. Awakin Pinta suna uku, mutum ɗaya da igiya ya isa. Tsiron da bai wuce wata biyu ba yaro yana tuge shi da hannu in ƙasa na da laima. Shi ya sa bayan janyewar ruwa muke bin makwantan shanu da bakin mashaya tare da matasan tunga, don a nan yake fara fitowa. Samun kuɗin wannan zagaye ya fi komai wuya, saboda masu ba da tallafi suna son hoton kurmin da aka share, mu kuma abin da za mu nuna musu fili ne da ciyawa, kamar yadda yake bara.